FASHIN BAƘI: Yadda manyan kamfanonin lauyoyi ke yanka kuɗin aiki, da abin da "ritena" ke saya wa mai biya

A watan Oktoba na 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a kan wata tambaya da a ido take kamar ƙarama: da wane kuɗi kamfanin P&ID zai mayar wa Najeriya abin da ta kashe wa lauyoyinta, da fam ko da naira? Kotun ta ce da fam. A cikin takardun wannan shari'a ne jama'a suka ga adadin da ba kasafai ake bayyana irinsa ba, wato kimanin fam miliyan 44, waɗanda aka biya bisa takardun caji 116 tsakanin Nuwamba 2019 da Nuwamba 2024. Da wannan kuɗi aka kuɓutar da ƙasar daga diyyar da ta haura dala biliyan 11, saboda haka da wuya a kira shi asara. Sai dai ya kamata mai biyan haraji ya san yadda kuɗin lauya ke taruwa har ya kai haka.

Babu babban kamfanin lauyoyi da ke liƙa farashinsa a bakin ƙofa. Farashin yana cikin takardar ɗaukar aiki, wadda kamfanin da mai ɗaukarsa ke sa wa hannu kafin a buɗe fayil. A cikinta ake faɗin ma'aunin da za a auna aikin da shi, da mutanen da za su yi shi, da abubuwan da ba su shiga cikin cinikin ba, da irin kuɗin da za a biya. Galibin rigingimun da ke tashi tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi daga wannan takarda suke fitowa, ko daga rashinta.

Su wane ne manyan?

A Najeriya kalmar ta haɗa gidaje iri biyu. Akwai kamfanonin da suka ƙware kan harkokin kasuwanci, waɗanda galibinsu ke da hedikwata a Legas da rassa a Abuja da Fatakwal, irin su Olaniwun Ajayi da aka kafa a 1962, da Udo Udoma & Belo-Osagie na 1983, da Banwo & Ighodalo na 1991, da Aluko & Oyebode na 1993, da Templars na 1995. Abokan hulɗarsu bankuna ne da kamfanonin mai da na sadarwa da masu zuba jari daga ƙetare, kuma yawancin aikinsu ba ya taka ƙofar kotu: tsara yarjejeniyar bashi, sayen kamfani, sayar da hannun jari, neman lasisi. A Arewa, Dikko & Mahmoud na Kano, kamfanin tsohon shugaban Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya A.B. Mahmoud, yana cikin sanannu.

Iri na biyu shi ne ofishin da aka gina a kan sunan babban lauya guda mai lambar SAN, wanda ƙarfinsa a gaban alƙali yake: ƙararrakin zaɓe, rigimar kwangila, tuhumar cin hanci. Tun 1975 ake ba da wannan lamba, kuma ƙa'idarta ta hana mai ita tsayawa shi kaɗai a shari'ar da ba ta laifi ba a manyan kotuna, sai tare da ƙaramin lauya ko wani SAN ɗin. Wanda ya ɗauki SAN, ayari ya ɗauka. Gidaje na farko sun fi lissafi da awa, na biyu kuma sun fi yanka kuɗi dunƙule a kan kowane mataki na shari'a, gwargwadon nauyin ƙarar da nauyin sunan mai ofishin.

Awa da ake gutsurawa gida goma

Lissafi da awa daga Amurka ya samo asali. Ana danganta shi da Reginald Heber Smith na kamfanin Hale and Dorr da ke Boston, wanda a farkon rabin ƙarni na ashirin ya sa lauyoyinsa su riƙa rubuta lokacin da suka ɓata a kan kowane aiki, ana raba awa gida goma, kowane gida minti shida. A 1958 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fitar da wani ɗan littafi tana jan hankalin mambobinta su riƙa ƙidayar lokaci, inda ta ƙiyasta cewa lauya na iya sayar da awa 1,300 a shekara. Abin da ya ƙarasa buɗe wa awa hanya shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1975 a shari'ar Goldfarb, wanda ya ce jadawalin mafi ƙarancin farashi da ƙungiyoyin lauyoyi ke tilasta wa mambobinsu haɗin baki ne na ƙayyade farashi, ya kuma saɓa wa dokar gasa a kasuwa.

Ma'aunin minti shida yana nan har yau. Kiran waya na minti biyu, gida ɗaya ne. Karanta saƙon imel da amsa shi da layi guda, gida ɗaya ne. Kowane lauya a kamfanin yana da farashin awarsa bisa matsayinsa, daga sabon shiga har zuwa abokan tarayya, wato masu kamfanin da ke raba ribarsa a ƙarshen shekara.

Ana iya leƙa waɗannan farashi ne saboda dokar Amurka ta wajabta wa lauyoyin kamfanin da ya durƙushe su gabatar wa kotu abin da suke caji. Ta haka aka sani cewa a 2022 an sa wa awar Neal Katyal, wanda a lokacin yake kamfanin Hogan Lovells, dala 2,465 a wata shari'a da ta shafi Johnson & Johnson, kuma a shekarar ne Sullivan & Cromwell ya shaida wa kotu cewa manyansa za su karɓi har dala 2,165 a awa a shari'ar durƙushewar kasuwar kuɗin kirifto ta FTX. Kirkland & Ellis, wanda ya fi kowane kamfanin lauyoyi samun kuɗi a duniya, ya tara kimanin dala biliyan 8.8 a 2024.

Amma ribar ba daga awar manya kaɗai take fitowa ba. Kamfanin a gine yake kamar dala: manya kaɗan a sama, ƙananan lauyoyi masu albashi da yawa a ƙasa. A manyan kamfanonin New York albashin sabon lauya ya kai dala 225,000 a shekara a 2024, ana kuma sa ran ya rubuta awa wajen 2,000. A ɗauka, don misali kawai, ana sayar da awarsa dala 700. Ya kawo wa kamfanin dala miliyan 1.4 ke nan, fiye da ninki shida na albashinsa. Abin da ya rage bayan haya da ma'aikata da sauran ɗawainiya, shi manya ke rabawa. Wannan ne ya sa mai biya kan ga sunayen da bai taɓa ji ba sun cika takardar caji.

Aibin tsarin a fili yake, kuma lauyoyin kansu sun daɗe suna faɗarsa: wanda ya gama aiki da sauri ya rage wa kansa kuɗi, wanda ya ja shi ya ƙaru. Zaman awa biyu da lauyoyi uku suka halarta, awa shida ce a takarda. Manyan abokan hulɗa, musamman bankuna masu sashen shari'a na cikin gida, sun koyi kare kansu. Suna neman rangwame a kan farashin da aka rubuta, ko a yi musu farashi guda na tsaka-tsaki ko wane ne ya yi aikin, ko a hana cajin lokacin da sabon lauya ya ɓata yana koyon aiki. Mafi ƙarfin kariya ita ce iyaka, wato a rubuta cewa komai yawan awoyi kuɗin ba zai wuce adadi kaza ba. A nan ne mutane da dama ke faɗawa rami, domin ƙiyasi dabam, iyaka dabam. Idan takarda ta ce "ana ƙiyasin" aikin zai ci naira miliyan 40, babu abin da ya hana a kawo cajin miliyan 70. Ko iyakar ma takan zo da sharuɗɗa a ƙasanta, kamar cewa za a kammala cinikin cikin wata uku, ko ba za a sake tsara takardu fiye da sau biyu ba. Da zarar sharaɗi ɗaya ya karye, agogo ya ci gaba da tafiya.

Jinga da jadawalin 2023

Inda aiki ke da farko da ƙarshe sanannu, kamar rajistar kamfani, ko rubuta ra'ayin shari'a, ko tsara takardun jinginar gida, an fi yin jinga: kuɗi kaza, aiki kaza. A shari'a kuma akan karkasa jingar, wani kaso lokacin shigar da ƙara, wani lokacin sauraron shaidu, wani lokacin jawabin ƙarshe. Ɗaukaka ƙara sabon ciniki ne, kuma da yake ƙara na iya tashi daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, jinga ɗaya kan zama uku.

Najeriya ta bi hanyar da ta saɓa da ta Amurka. Abin da kotun can ta rushe a 1975, shi aka ƙarfafa a nan. A watan Mayu na 2023, dab da saukar gwamnatin Buhari, Ministan Shari'a na lokacin Abubakar Malami ya sa hannu a kan sabon jadawalin ladan lauyoyi, wanda ya maye gurbin na 1991. Kwamitin da sashe na 15 na Dokar Lauyoyi ya kafa shi ke da ikon yin irin wannan jadawali. An kasa jihohi rukuni uku: Legas da Abuja a rukuni mafi tsada, jihohi irin su Ribas, Oyo, Filato, Neja da Nasarawa a tsakiya, sannan Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Bauchi, Gombe, Borno da Yobe a rukuni mafi sauƙi. An kuma kasa lauyoyi bisa shekarunsu a aiki. Kuɗin neman shawara kawai ya fara daga naira 15,000 ga ƙaramin lauya a rukuni mafi sauƙi, ya kai naira 300,000 ga mai lambar SAN a Legas ko Abuja.

Inda jadawalin ya fi cizo shi ne cinikin ƙasa da gidaje. Ga lauyan da ya tsara takardar sayen kadarar da ba ta kai naira miliyan 50 ba, mafi ƙarancin ladansa kashi 10 cikin 100 ne. Daga miliyan 50 zuwa 100, naira miliyan 5 ne da kashi 5 na abin da ya ɗoru. Sama da miliyan 100, naira miliyan 7.5 ne da kashi 2 na ragowar. Gidan naira miliyan 120 ke nan zai ci miliyan 7.9. Lauyan da ke son karɓar ƙasa da haka sai ya nemi izinin kwamitin ƙungiyar lauyoyi, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin mai karya ɗa'ar aiki.

Duk waɗannan adadi ƙasan farashi ne, babu abin da suka ce game da samansa. An yi su ne don kare ƙananan lauyoyi daga masu karya kasuwa, kuma manyan kamfanoni sun daɗe da wuce yawancinsu. Tanadin da ya fi amfanar mai ɗaukar lauya a cikin jadawalin ba adadi ba ne: an wajabta wa lauya ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce, da iyakar aikin da kuɗinsa, cikin kwana 14 da karɓar umarni. Wanda aka ce masa "kada ka damu, za mu daidaita daga baya", an tauye masa haƙƙin da doka ta ba shi.

Abubuwa uku, suna ɗaya

Kalmar da ta fi rikita mutane ita ce "ritena", yarjejeniyar riƙe lauya. Ɗan kasuwa zai ce yana da lauya a kan ritena, yana zaton duk abin da ya taso an riga an biya. Sau da yawa ba haka ba ne, domin abubuwa uku mabambanta ake kira da wannan suna.

Na farko shi ne kuɗin kamu. Ana biyan kamfani wani adadi a shekara don kawai ya kasance a shirye idan an kira shi, kuma kada ya karɓi aikin abokin hamayya. Ko ba a kira shi ba har shekara ta ƙare, kuɗin ya zama nasa. In an kira shi, aikin da ya yi cajinsa dabam. Abin da aka saya a nan shi ne fifiko da biyayya. Kundin ɗa'ar lauyoyin Najeriya, wanda aka sabunta a 2023 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, ya bambanta ritena ta gama-gari, mai ɗauke da al'amuran mutum baki ɗaya, da ta musamman, mai ɗauke da al'amari guda. A ƙa'ida ta 49 ya ce wanda ya karɓi ta gama-gari ba zai ba da shawara ko ya tsaya a shari'ar da za ta cutar da mai biyansa ba muddin wa'adin bai ƙare ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan tanadi yana da wata fuska da ba a cika magana a kanta ba. A fannonin da ƙwararru ba su da yawa, kamar harajin man fetur ko dokokin sadarwa, babban kamfani na iya rarraba ƙananan ayyuka ga manyan gidajen lauyoyi da dama, ya ɗaure su duka. Ranar da ƙaramin ɗan kwangila ya tashi kai shi ƙara, sai ya tarar duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa ana ba shi haƙuri, ana cewa akwai hulɗa da wancan ɓangaren. Ba a karya wata doka ba, amma an rage wa mai ƙaramin ƙarfi zaɓi tun kafin a shiga kotu.

Na biyu shi ne kafin alƙalami. Ana ajiye kuɗi tun farko, kamfanin yana cirar abin da ya yi aiki a kansa bayan ya aika da takardar caji. Wannan kuɗi na mai ajiya ne har sai an ci shi da aiki, don haka dokokin asusun lauyoyi na 1964 suka ce a ajiye kuɗin mutane a asusun amana na dabam, kada a cakuɗa shi da na ofis. Abin da ya rage bayan an gama, mayarwa ake yi. Wasu takardun kan ƙara da cewa duk lokacin da ajiyar ta sauka ƙasa da wani adadi sai mai ita ya cike gurbin, in bai cike ba a dakatar da aiki. Kamfanoni sun fi nacewa a kan irin wannan idan abokin hulɗa sabo ne ko yana tangal-tangal. Kwanaki kaɗan kafin FTX ya bayyana durƙushewarsa ranar 11 ga Nuwamba 2022, an tura wa Sullivan & Cromwell dala miliyan 12 a matsayin irin wannan ajiya. Lauyan kamfanin da ke nutsewa ya san layin masu bin bashi dogo ne.

Na uku shi ne wanda aka fi sani a Najeriya: biyan wata-wata ko shekara-shekara don ayyukan yau da kullum, kamar duba ƙananan kwangiloli, rubuta wasiƙu, amsa tambayoyin ma'aikata, halartar zaman hukumar daraktoci. Yawanci akan sa masa adadin awoyi ko jerin ayyuka, abin da ya haura a caje shi dabam. Shari'a ba ta cikinsa, kuma ba rowar lauya ce ta fitar da ita ba. Ƙa'ida ta 49 ɗin ta haramta wa lauya ya ɗauki dukkan shari'o'in mutum na wani tsawon lokaci a kan kuɗi guda dunƙule, ko ya amince da farashi ɗaya ga kowace ƙara ta wani nau'i ba tare da duba yanayinta ba. Kowace ƙara da umarninta da ladanta. Saboda haka kamfanin da ke biyan ritenar shekara, ranar da sammaci ya iso masa, sabon ciniki zai zauna.

La'ada

Hanya ta ƙarshe ita ce ta kaso: in an yi nasara lauya ya ɗauki wani kaso na abin da aka samu, in an faɗi ya tashi a tutar babu. A Amurka sulusi ne aka fi sani a ƙararrakin neman diyya. Ingila ta halatta irin wannan yarjejeniya a shari'un kotu daga Afrilu 2013 amma ta sa mata linzami, kashi 25 a ƙarar rauni, 35 a rigimar ma'aikaci da ubangidansa, 50 a sauran. A Najeriya ƙa'ida ta 50 ta yarda da ita a shari'ar da ba ta laifi ba, da sharaɗin ta kasance daidai wa daida, babu zamba ko tursasawa a cikinta, kuma an bayyana wa mutum cewa yana da zaɓin biya ta hanyar da aka saba. An hana ta ga mai kare wanda ake tuhuma da laifi. Ƙa'idar ba ta faɗi wani adadi da ba za a wuce ba.

Amfaninta shi ne talaka mai gaskiya na iya samun ƙwararren lauya ba tare da ya sayar da gonarsa ba, lauyan kuma ya ɗauki kasadar yin aikin shekaru a banza. Matsalar tana tasowa ne idan kuɗin da ake magana a kai ya yi yawa ƙwarai, kasadar kuma ta yi kaɗan. Kashi 5 na naira miliyan 10 ladan wahala ne. Kashi 5 na dala miliyan 300 ba shi da wata alaƙa da yawan aikin da aka yi.

Haka ta faru a kan dala miliyan 321 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta mayar wa Najeriya a ƙarshen 2017. Enrico Monfrini, lauyan Geneva da ya bi sawun kuɗaɗen tun zamanin Obasanjo, yana aiki ne a kan kashi 4. Jaridar TheCable ta bankaɗo cewa ofishin Ministan Shari'a ya ɗauki wasu lauyoyin Najeriya biyu a kan wannan kuɗi, da ladan da ya kusa dala miliyan 17. Malami ya kare matakin da cewa lauyan na Suwizalan ya nemi kaso mai yawa don ƙarasa aikin. Monfrini ya musanta, ya ce an riga an biya shi, kuma abin da ya rage bai wuce musayar takardu tsakanin gwamnatocin biyu ba. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, tambayar da tsarin kaso ke ɓoyewa ita ce awa nawa aka yi, kuma me aka yi a cikinsu.

Manyan kamfanonin kasuwanci suna da nasu salon, wato tukuicin nasara da ake ɗorawa a kan cajin awa. Wachtell, Lipton, Rosen & Katz na New York ya karɓi dala miliyan 90 daga Twitter bayan ya taimaka wajen tilasta wa Elon Musk cika cinikin dala biliyan 44 a 2022, aikin 'yan watanni, kuma mafi yawan kuɗin tukuici ne. Da Musk ya karɓi kamfanin, sai ya maka lauyoyin a kotu a Yulin 2023 yana neman a dawo da galibinsa.

Shari'ar P&ID ta nuna ƙarshen inda kaso ke iya kai lauya. Kwangilar sarrafa iskar gas ce ta Janairu 2010, masana'antar da za a gina a Kalaba ba a taɓa gina ta ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6 da kuɗin ruwa. Da Mai Shari'a Robin Knowles ya amince da ƙalubalen da Najeriya ta yi wa wannan hukunci ranar 23 ga Oktoba 2023, ya gano cewa takardun sirri na lauyoyin Najeriya sun shiga hannun ɓangaren P&ID, ya kuma soki lauyoyin kamfanin biyu da suka gan su, waɗanda ke da rabo a nasarar: ɗaya zai iya samun sama da dala miliyan 800, ɗayan biliyoyi. Ya miƙa hukuncin ga hukumomin da ke sa ido kan lauyoyi a Ingila. Mutanen biyu sun ƙi amincewa da sukar.

Abin da ke ƙasan layi

Ladan lauya dabam, kuɗin ɗawainiya dabam. Kuɗin shigar da ƙara, na hatimi, na rajistar ƙasa, jirgi da masauki idan zaman kotu a wani gari yake, ladan ƙwararrun shaidu, duk a wuyan mai ƙara suke, ko da kuwa yarjejeniyar ta kaso ce, sai in an rubuta akasin haka. A kan ladan kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan fiye da naira miliyan 5 hannu da hannu, kamfani kuma miliyan 10, don haka duk babban lada ta banki ya kamata ya bi. Wanda ya ci shari'a a Najeriya kada ya sa rai cewa abokin ƙararsa zai mayar masa da abin da ya kashe, domin kuɗin ɗawainiyar da kotunan ƙasar suka saba yankewa kaɗan ne idan aka gwada da ladan babban lauya. A Ingila ne wanda ya faɗi ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin wanda ya ci.

Sai batun irin kuɗin. Manyan kamfanonin Legas kan yi wa baƙi farashi da dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 layin da ya faɗi canjin ranar da za a yi lissafi da shi ya zama mai tsada. A rigimar da ta kai Kotun Ƙolin Birtaniya, hujjar P&ID ita ce fam miliyan 44 ɗin nan ya yi daidai da kimanin naira biliyan 25 a lokutan da aka biya, amma ya zama wajen biliyan 95 bayan faɗuwar naira. Naira biliyan 70 ke nan a kan kalma guda.

Idan gwamnati ce mai ɗaukar lauya, jama'a ke biya amma ba sa ganin takardar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe kwangilolin hukumomi, sai dai sashe na 16 ya ba su damar riƙe abin da ya shafi sirrin lauya da wanda yake wa aiki. Hikimar tanadin ita ce kare shawarar shari'a daga idon abokin hamayya. Faɗaɗa shi har ya rufe adadin da aka fitar daga baitulmali da ma'aunin da aka bi wani abu ne dabam, kuma da wuya a ga yadda bayyana su zai raunana wata ƙara. Adadin P&ID kotun waje ce ta fito da shi, na kuɗin Abacha kuma 'yan jarida.

Idan cajin ya zo da gardama

Doka ba ta bar mai biya hannu rabbana ba. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya hana lauya kai ƙarar neman ladansa sai ya miƙa takardar caji mai sa hannu, mai fayyace manyan ayyukan da ya yi, sannan wata ɗaya ya wuce. Kotun Ƙoli ta riƙe wannan sharaɗi da ƙarfi. A shari'ar Savannah Bank da Opanubi ta 2004 lauya ya rasa abin da ya nema saboda takardarsa ba ta zayyana ayyukan yadda kotu za ta iya auna su ba. Kundin ɗa'a kuma ya hana cajin da ya wuce hankali, ya lissafa abubuwan da ake dubawa, ciki har da lokaci da wahalar aikin, da darajar abin da ake rigima a kai, da abin da sauran lauyoyi suka saba karɓa. Ƙorafin karya ɗa'a yana zuwa gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke da ikon dakatarwa ko soke suna daga rajista.

Lauya ma yana da nasa makami, domin yana iya riƙe takardun mutum da ke hannunsa har sai an biya shi, abin da kan sa sauya lauya a tsakiyar shari'a ya yi wuya. Hanya mafi kusa ga wanda yake ganin an tsawwala masa ita ce ta sashe na 17: ya roƙi babbar kotu ta sa jami'inta ya bi takardar cajin layi-layi, ya rage abin da bai dace ba. In ya nema cikin wata ɗaya da karɓar takardar, haƙƙinsa ne. Bayan watan ya wuce sai yadda alƙali ya ga dama, idan kuma an cika wata 12 da biyan kuɗin, ƙofar ta rufe.